Tsara Ƙaramin Mahaɗi don Sauke Mitar Rediyo: Nazari kan Buƙatun Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Tsakure

Wannan maƙala ta auna hanyoyi biyu na tsara mahaɗi, wato sashen akwatin rediyo da ke sauke mitar tasha zuwa kilohaz 455. Ta nuna cewa a ƙananan mitoci, tattalin batir da tace sigina kafin ta shiga mahaɗi sun fi ƙarin ƙarfi muhimmanci.

Gabatarwa

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Mazauna Tsafe a kan hanyar Funtuwa da na Bunguɗu a kan hanyar Sakkwato suka koma ga rediyo kacokan. Zangon FM ba ya nisa, duwatsu irin na Kwatarkwashi kuma suna tare shi, amma matsakaici da gajeren zango suna kaiwa ƙauyen da ba shi da wutar lantarki. Don haka ingancin akwatin da ke kama su ba ƙaramin al'amari ba ne.

Lissafin mita

Tun tsarin da Edwin Armstrong ya fito da shi a 1918, mahaɗi yana gauraya siginar tasha da ta osileta, ya fitar da jimillarsu da bambancinsu, sai a riƙe bambancin, wato kilohaz 455. Matsakaicin zango a Afirka yana tsakanin kilohaz 531 da 1602. Idan osileta tana saman tasha, za ta yi yawo daga 986 zuwa 2057, ninki biyu da ɗoriya, abin da kafasita mai juyawa guda ke iya yi. Idan tana ƙasa, sai ta tashi daga 76 zuwa 1147, ninki 15, wanda ba ya yiwuwa a ƙaramin akwati. An zaɓi ta sama.

Sai dai kowace tasha tana da inuwa a nisan kilohaz 910, wadda ita ma ke sauka kan 455. Ɗauki mitocin da aka daɗe da sanin Rediyon Najeriya Kaduna da su. A 594, inuwa tana 1504, nesa ƙwarai, koyil ɗaya da aka saita ya isa ya danne ta. A 6090 kuwa, inuwa tana 7000, tazarar da ba ta wuce kashi 15 cikin ɗari ba. Nan dole a jera matatai biyu a gaban mahaɗi, in ba haka ba wata tashar za ta kutsa cikin labarai.

Zaɓin mahaɗi

Zoben diyod huɗu yana jure sigina mai ƙarfi, amma yana buƙatar kimanin miliwat 5 daga osileta, ga asarar desibel 6 ko kusa da haka, ga taransifoma biyu masu cin wuri. Tsarin da Barrie Gilbert ya bayyana a 1968 yana amfani da tiranzista shida. Ayisi SA612 mai ƙafa takwas ta haɗa shi da osileta wuri guda, tana jan miliyamfa 2.4, tana aiki daga bolt 4.5 zuwa 8, tana ƙara desibel 14 ko fiye. Batir huɗu, bolt 6, sun wadatar da ita. Ga wanda ke sayen batir da kuɗin cefane, wannan bambanci ne da ake ji a aljihu.

Rauninta shi ne sigina mai ƙarfi tana rikita ta. A ganin wannan nazari, raunin ba ya kore ta, domin a waɗannan mitoci hayaniyar walƙiyar damina da ta cajar waya da injin sola ta riga ta rinjayi hayaniyar da ayisi ke haifarwa. Ana iya rage siginar eriya da rezista mai juyawa ba tare da an rasa tashar da da ma za a iya ji ba.

Zafin bazara ma abin lura ne. A Afrilu yakan kai maki 40 a Gusau, osileta kuma tana zamewa idan kafasita ta ɗumama. A mitar 6545, wadda osileta ke buƙata don kama 6090, zamewar kashi ɗaya cikin dubu ta haura kilohaz 6, ta isa ta fitar da tasha daga matata. Shi ya sa aka tanadi kafasita nau'in NP0 a sashen osileta, tare da nisanta koyil ɗinta daga sashen lasifika, inda zafi ya fi taruwa.