Ƙwandalolin Gwaji na Kamaru da Yadda Ake Gane Su a Briqueterie

Ƙwandalar gwaji ita ce wadda gidan buga kuɗi yake bugawa kafin a saki sabon samfurin kuɗi ga jama'a, domin a ga yadda zane zai kwanta a kan ƙarfe, hukuma kuma ta sa albarka. A ƙasashen da Faransa ta mulka ana gane ta da kalmar ESSAI, wadda ake bugawa da ƙananan haruffa a gefen zanen. A Yaoundé, tsofaffin ƙwandaloli kan biya ta Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa wadda ta samo sunanta daga wurin yin bulo na zamanin Jamusawa. Nan ne fatake, maƙeran kayan ado da dillalan tsofaffin kaya suke zaune, kuma wurinsu ne magada kan kai abin da suka tsinta a adakar kakanni.

Kafin Turawa, fatauci tsakanin Kano, Yola da Ngaoundéré da wuri ake yinsa, sai kuma azurfar nan ta Mariya Tereza mai shekarar 1780, wadda aka yi ta sake bugawa da wannan shekarar har tsawon ƙarni biyu. Jamusawa sun shigo da kuɗinsu bayan 1884. Ƙwandalolin farko masu ɗauke da sunan Kamaru sai a 1924 suka fito: santim 50, faran 1 da faran 2, da aka buga a Paris har zuwa 1926, zanen Henri-Auguste Patey. A 1943, lokacin Paris tana hannun sojojin Jamus, Kamaru kuwa ta bi Janar de Gaulle tun Agustan 1940, sai aka buga kuɗin a Pretoria ta Afirka ta Kudu, da zakara a fuska ɗaya da gicciye mai sanda biyu a ɗayar.

Zamanin da ya fi yalwar ƙwandalolin gwaji ya fara ne bayan kafa kuɗin sefa a ranar 26 ga Disamba 1945. A 1948 aka fitar da faran 1 da faran 2 na alminiyam masu kan barewa, aikin Lucien Bazor. Na gwajinsu ba da alminiyam aka yi su ba. Da gaurayen jan ƙarfe da nikel aka buga su, guda 2,000 kowanne. Akwai kuma masu ninkin kauri, waɗanda Faransawa ke kira piéfort, guda 104 kacal. A 1958 faran 5, 10 da 25 suka zo da kawunan manyan namun dajin nan uku, dangin gwanki, waɗanda duk wanda ya girma a Kamaru ya san su a tafin hannunsa. Faran 50 na tunawa da 'yancin kai yana ɗauke da ranar 1 ga Janairu 1960, sannan faran 100 na nikel ya biyo baya a 1966. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da na gwajinsa. Bayan kafa bankin BEAC a 1972, wanda hedikwatarsa ta koma Yaoundé a 1977, al'adar ta ci gaba har zuwa faran 500 na 1985.

Abin da sabon mai tarawa ya fi bukatar fahimta shi ne cewa yawancin waɗannan ba gwaji ba ne irin na maƙeri da ke gwada guda ɗaya ya jefar. Gidan buga kuɗi na Monnaie de Paris yakan buga adadi sananne, galibi tsakanin dubu ɗaya da dubu biyu da 'yan kai, a raba wa manyan jami'ai da gidajen tarihi, sauran a sayar wa masu tarawa. Ba su shiga kasuwa ba, ba a ba da su canji ba. Shi ya sa akasarinsu suna Faransa a yau, kuma abin da ake zubewa a faranti a Briqueterie kusan duka kuɗin kashewa ne da suka sha hannu. Ta gwaji ta ainihi idan ta ɓullo a Yaoundé, sau da yawa daga kayan wani tsohon ma'aikacin banki ko na gwamnati take fitowa. Abin takaici ne a ce tarihin kuɗin ƙasa ya fi samuwa a shagunan Paris fiye da babban birninta.

Tantancewa da ido take farawa, da gilashin ƙara girma irin na maƙeran zinariya. Haruffan ESSAI na gaske a kumbure suke, sun taso daga jikin ƙarfen kamar sauran rubutun, domin a cikin hatimin bugu aka sassaƙa su. Idan a lotse suke, ko layinsu ya karkace, ko akwai alamar dukan guduma a ɗaya fuskar, to daga baya wani ya buga su a kan ƙwandalar kashewa. Bayan haka sai a duba ƙananan alamomi biyu da ke kusa da shekara ko adadin kuɗin. Ta farko ƙaho ne cike da 'ya'yan itatuwa, tambarin Paris tun 1880. Ta biyu ta babban mai sassaƙa ce, kuma tana canzawa da mutum: sanda mai harshen wuta ta Patey ce, fiffike na Bazor ne daga 1931 zuwa 1958, mujiya ta Raymond Joly ce zuwa 1974, kifin dolfin na Émile Rousseau ne zuwa 1994, ƙudan zuma kuma na Pierre Rodier. Dole alamar ta dace da shekarar: mujiya a 1966, dolfin a 1985. Ganin sunan Bazor tare da mujiya ba aibi ba ne, don an ci gaba da amfani da zanensa bayan ya bar aiki. Na 1943 kuwa ba su da ƙahon Paris, haruffan SA suke ɗauke da su.

Daga ido sai sikeli, kuma a nan Briqueterie tana da gata, domin ba a rasa sikelin awon zinariya a wurin maƙera. Faran 1 na alminiyam na 1948 giram 1.3 ne, faran 2 giram 2.2, na gwajinsu sun ninka haka nauyi sau da dama, har hannu ma yana ji. Maganaɗisu yana kama nikel zalla, amma ba ya kama gaurayensa da jan ƙarfe.

Tarkuna uku sun fi cin sababbin shiga. Faran 100 na 1966 zuwa 1968 da kauri aka buga shi don kashewa, giram 12, alhali na 1971 zuwa gaba giram 7 ne. Mutane da yawa kan ɗauka piéfort suka samu. Harafi guda da ke kan faran 50 da faran 500 na 1976 zuwa gaba ba alamar gwaji ba ce, ƙasa yake nunawa: A Cadi, B Afirka ta Tsakiya, C Kwango, D Gabon, E Kamaru. Mafi ruɗarwa su ne masu faran 1,500 ko 4,500 da suka fito wajen 2005 da sunan wata cibiya mai suna IDAC, wasunsu har da kalmar ESSAI. Ba BEAC ce ta fitar da su ba, kuma ba su taɓa zama kuɗin ƙasa ba. 'Yan kasuwa ne suka buga su don masu sha'awa.

Farashi ya rataya ne a kan adadin da aka buga, lafiyar ƙwandalar, da yawan masu nema. Ta gwaji tun da ba ta yi yawo ba, ana sa ran ganinta da ƙyallinta na asali, kuma ƙarzuwa kaɗan takan zubar da darajarta ƙwarai. Masu guda dubu biyu galibi a 'yan dubban goma na sefa suke tsayawa, ba miliyoyin da ake yaɗawa ba. Masu ninkin kauri da na 1924 sun fi tsada nesa. Littafin Jean Lecompte kan kuɗaɗen ƙasashen da Faransa ta mallaka, wanda gidan Gadoury ya wallafa, da kundin Krause na kuɗaɗen duniya, su ne madogarar masu sana'ar, sai shafin Numista a intanet. Farashin da aka sayar a gwanjo shi ne abin dubawa, ba wanda mai kaya ya yanka ba, kuma lissafin ba wuya tun da yuro ɗaya sefa 655.957 ne.

Babbar asara a hannun masu kyakkyawar niyya take faruwa. Toka, lemun tsami da man goge ƙarfe da ake wanke kayan ado da su suna cinye fuskar ƙwandala, kuma wadda aka goge ba ta komawa yadda take. Ana riƙe ta ne ta gefe, a sa kowace a 'yar ambulan tata, nesa da laimar Yaoundé, a rubuta shekara, nauyi da inda aka samo ta. Wadda aka huda don sarƙa ko aka yi mata walda ta zama zobe, masu tarawa ba sa biyan fiye da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kanta.