Gyaran kan inji da robar bawul a tsohon babur

Kan inji, wanda masu gyara ke kira kulas, shi ne murfin silinda da ke riƙe da bawul da buji. A babur irin Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975, bawul biyu ne: na shigar mai da iska, da na fitar hayaƙi. Robar da ke wuyan bawul ita ke hana man inji zurarewa ɗakin ƙonewa. Zafi da tsufa kan busar da ita.

Alamomi: Idan babur ya yi shuɗin hayaƙi da safe, sannan ya daina bayan ya yi zafi, galibi robar ce ta mutu. Idan hayaƙin bai tsayawa, musamman in an ba shi wuta, a duba zoben fistan.

Gyara: A bar inji ya huce kafin a kwance kan. A girgiza bawul cikin hanyarsa; in yana rawa, hanyar ta ci, kuma sabuwar roba kaɗai ba za ta daɗe ba. A zuba kananzir ta ƙofofin shiga da fita. In ya ɗiga, a goge bawul da mazauninsa da man gogewa. A sa sabon gasket, a ɗaure notuna a gicciye, sannan a daidaita tazarar bawul: milimita 0.08 a CG125, inji na sanyi.

Kariya: Ƙura ce ke cin inji, don haka a riƙa tsabtace matatar iska da sauya mai kan lokaci, musamman da hunturu.