Asalin Hanyar Ƙofar Ran

Duk wanda ya tashi daga shataletalen Babbar Kasuwar Bauchi ya miƙe arewa, ba zai yi nisa ba zai iske kansa a Ƙofar Ran. Yaran yanzu sun buɗe ido sun ga kwalta, ga Keke Napep, ga manyan motoci, har wani yakan zaci da ma can haka wurin yake. To, hanyar nan tana da asali, kuma ta girmi zuwan mota ƙasar nan da kusan shekara ɗari.

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya karɓo tutar jihadi ta wannan yanki. Ya fara zama a Inkil, sa'an nan a 1809 ya kafa garin da ya ci sunan wani maharbi da ake kira Baushe. Aka kewaye garin da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10, aka yi mata ƙofofi tara. Wasu daga cikinsu sunan garin da suke fuskanta aka ba su, kamar Ƙofar Inkil da Ƙofar Tirwun da Ƙofar Wase. Kowace ƙofa da mai tsaronta. Rana na faɗuwa a rufe, wanda dare ya yi masa a daji sai ya kwana a waje har gari ya waye.

Da yake ba a shiga gari sai ta ƙofa, duk mai tafiya dole ya bi ta wuri guda. Sawu bisa sawu, ciyawa ta mutu, ƙasa ta daddale, turba ta fito. Babu wanda ya auna ta da igiya. Ƙafar mutum da kofaton jaki su suka shata ta, su kauce wa dutse, su bi ta inda rafi ya fi sauƙin ƙetarawa. Fatake kan zo ayari ayari, madugu na gaba, jakai da takarkarai ɗauke da kanwar Barno da tufafin Kano, su koma da abin da ƙasar Bauchi ke da shi. Ba za a ɓoye ba, har da bayi cikin abin da aka kora ta waɗannan hanyoyi a wancan zamani.

Hanyar arewa kuwa ba ta kwanciyar rai ba ce. Tun wajen 1846 da Malam Hamza ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano ya shige duwatsun Ningi da mutanensa, Ningawa suka zame wa Kano da Bauchi da Zazzau ƙarfen ƙafa. Ayari ba ya ratsa wannan yanki sai da shiri da addu'a. Wani Sarkin Bauchi har barin birnin ya yi ya koma Rauta da zama. Wanda ya tuna wannan, in ya ga yau direba na barin Bauchi da hantsi ya bi ta Ningi ya yi azahar a Kano, ya san an ci nisa.

Turawa suka ci Bauchi a watan Fabrairu 1902. Abin da ya fara ɗauke musu hankali shi ne kuzar da ke tsaunukan Jos, wadda a lokacin cikin Lardin Bauchi take. Saboda ita aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya, ta isa Bukuru a 1914. Da sunan Bauchi ake kiran wannan layi, amma har aka rufe shi a 1957 bai taɓa zuwa birnin ba. Rabon birnin shi ne hanyar mota, wadda En'e ta riƙa yi ta hannun hakimai da dagatai. A tara samarin ƙauye, wasu ba da son ransu ba, su sare itatuwa, su ɗebo jar ƙasa da tsakuwa a kwando bisa kai, su zuba su daddaɓe. Ita ce hanyar burji. Da rani ƙura da gargada, da damina kuma a sa shinge, in an yi ruwa mota ta tsaya har ƙasa ta tsane, don kada taya ta kwaɓe aikin.

Cikin waɗanda suka tashi suna ganin wannan wahala akwai wani malamin makarantar Midil ta Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Allah ya nufa a 1952 ya zama Ministan Ayyuka, daga baya na Sufuri, kafin ya zama Firayim Minista a 1957. A zamaninsa ne, a 1958, Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 28, aka ja layin dogo daga Kuru, ya iso Bauchi a 1961, ya kai Maiduguri a 1964. Bayan kisan gillar da aka yi masa a Janairu 1966, aka kawo shi gida aka binne. Kabarinsa yana nan bakin wannan hanya ta Ran. Ni dai ban taɓa wucewa ta wurin ba ban ji wani abu a zuciyata ba. Mutumin da ya yi wa ƙasa hidimar hanyoyi, ga shi kwance inda matafiya ke wucewa dare da rana. Allah ya jiƙansa.

Babban canji ya zo ranar 3 ga Fabrairu 1976, da Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro Jihar Bauchi. Ma'aikata suka kwararo, unguwanni suka ɓalle bayan ganuwa. Aka buɗe kamfanin haɗa motoci na Steyr, aka kafa jami'a a 1980. Babbar hanyar tarayya mai lamba A3, wadda ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Jos, ita ke ratsa Bauchi ta wuce Kari da Potiskum zuwa Maiduguri. Ta wajen Ningi kuma ga madatsar ruwa ta Gubi, ga mazaunin jami'a, ga sabon filin jirgin sama a Durum. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Bauchi mutum kusan 500,000. Turbar da aka yi don jaki, aka faɗaɗa don mota ɗaya ɗaya, ina za ta ɗauki wannan jama'a? Shi ya sa gwamnatoci suka shiga tagwaita tituna, har a zamanin Gwamna Bala Muhammad aka kama aikin gadar sama a Wunti da Babbar Kasuwa.

Aikin yana da kyau, kuma wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson kasuwa da mara lafiya a mota ba zai ce a'a ba. Sai dai faɗin titi daga jikin wani ake yankarsa. Ranar da ma'aikata suka zo suka shafa jan fenti a bangon zaure, mai gida ya san kwanan zauren ya ƙare, zauren da kakansa ya karantar da almajirai a ciki. Kuɗin diyya na iya sayen bulo, amma maƙwabtan shekara hamsin sun watse ke nan.

Akwai kuma mai tafiya a ƙasa. Wata safiya na ga wata dattijuwa da kwanon masa a kai, tana riƙe da hannun jikarta mai kayan makaranta. Ta sa ƙafa a kwalta ta janye, ta sake sawa ta janye, har sau huɗu, sai da wani saurayi ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga wa motoci hannu kafin suka haye. Ƙafa irin tata ce ta fara shata hanyar nan.

Don haka muna roƙon hukuma, duk lokacin da za a sake taɓa hanyar Ƙofar Ran, a yi wa masu ƙafa gefen tafiya da wurin tsallakawa kusa da makarantu da kasuwa, a rufe bakin magudanan ruwa, a biya masu gidaje haƙƙinsu kafin katafila ta iso. Ɗan abin da ya rage na ganuwar Malam Yakubu kuma a bar mana shi, yaranmu su gani da idonsu.