Tuƙin keke a hanyoyin burji na kewayen Yamai

Tuƙin keke a hanyar burji wasa ne da ake yi a kan hanyoyin karkara marasa kwalta, inda motoci ba su da yawa. Kekensa ya yi kama da na tsere, sai dai tayoyinsa sun fi faɗi, galibi milimita 38 zuwa 50. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasarsa ta duniya karo na farko a ƙasar Italiya a 2022.

A Yamai, hawan keke a jar ƙasa ya girmi wasan nesa ba kusa ba. Daga unguwanni masu cunkoso irin su Bukoki, da ke dab da kasuwar Katako, mutane kan fita zuwa lambunan bakin kogin Isa da ƙauyukan da ke gefen hanyoyin Say da Filinge. Marmara tana da daɗin tuƙi idan ta daddale, amma manyan motoci kan bar ta da ƙananan kunyoyi masu girgiza hannu. Babbar matsalar ita ce rairayi da ƙayar tsidau, shi ya sa mai hankali ba ya fita ba famfo da kayan faci. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa, duk da ƙurar hunturu.

Rashin tsaro a jihar Tillaberi, da ke kewaye da Yamai, ya taƙaita nisan tafiya, musamman bayan harin Kure na 9 ga Agusta 2020, inda aka kashe mutum 8.