Wanzaman Holan da gawar ɓarawo

A nan Adar wanzami ya san jijiya, maɗori ya san ƙashi, mahauci ya san cikin dabba. Amma gawar mutum ba a sa mata wuƙa: wanka, likkafani, salla, sai kushewa. To, yaya likitoci suka san abin da ke cikin jikinmu? Wani yanki na amsar yana ƙasar Holan.

Can ma, a da, aikin fiɗa a hannun wanzamai yake, kuma suna da ƙungiyarsu a birnin Amstardam. Hukuma ta yarje musu su feɗe gawa ɗaya a shekara gaban jama'a, amma sai ta mai laifin da aka kashe. Da sanyi ake yi, don kada ta yi saurin ruɓa. Ƴan kallo har kuɗin shiga suke biya!

A watan Janairu na 1632 aka rataye wani ɓarawo, Aris Kindt. Likita Nicolaes Tulp ya feɗe shi, wani saurayi mai shekara 25, Rembrandt, ya zana taron. A zanen an buɗe hannun hagu, ba a taɓa ciki ba, alhali kuwa da ciki ake farawa, tun da shi ke fara wari. Masana da yawa na ganin da gangan ne. Mutanen lokacin sun ɗauki hannu babbar shaidar hikimar Mahalicci, ga Tulp yana ɗaga naman da ke lanƙwasa yatsu, yana kwatantawa da nasa hannun. Wanzaman da ke kewaye da shi kuɗi suka biya aka zana fuskokinsu. Kindt kam ba wanda ya nemi yardarsa.

A birnin Laidin ma, ɗakin fiɗar jami'a na 1594 cikin tsohuwar majami'a aka gina shi. An tsayar da ƙwarangwal biyu gindin itace, wai Adamu da Hawa'u, wasu kuma na riƙe da tutoci masu tuna wa mutum mutuwa.

Daga baya likita Frederik Ruysch ya gwanance wajen ɗura jan ruwa cikin jijiyoyi, har gawar jariri ta yi kamar mai barci. A 1717 sarkin Rasha, Bitrus Babba, ya saye tarinsa a kan gilda 30,000. Saura na nan a birnin San Fitasbag.