Daga Ribaɗi zuwa Cin Rani: Tsarin Mulki da Cikar Ƙasa a Kudancin Sakkwato

Wanda ya bi hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari da Kajiji zuwa Tambuwal, zai ga garuruwa sun jeru kamar an shuka su. Hukumomi biyu ne suka tsara makomar wannan yanki, kowace da irin nata nufi.

Ta farko ita ce Daular Usmaniyya. Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa har zuwa 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa yana Boɗinga, ta haka malamai da almajirai da mayaƙa suka cika yankin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, shi ya mai da ribaɗi ginshiƙin mulki. Akan kafa gari mai ganuwa a bakin daga, a naɗa masa shugaba da limami da alƙali, a zaunar da Fulani makiyaya, a jawo maƙera da masaƙa da marina. Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya riƙe Tambuwal a kan wannan tsari. Da Kabawa suka yi bore a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, irin waɗannan garuruwa ne suka tsare gonakin da ke bayansu. Sai dai wajibi ne a tuna cewa gumin bayi a rumada yana cikin abin da ya raya wannan noma.

Hukuma ta biyu ta zo da Turawan Ingila a 1903. Yaƙi ya ƙare, aikin ganuwa ya faɗi, mutane suka bazu cikin daji suna saran sababbin gonaki. Amma En'e da baitulmalinta sun tsaya ne a kan haraji da jangali, kuma da kuɗin Bature ake biya. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba, saboda haka albarkar cinikin gyaɗa ta fi sauka a gabas. Talakan Kajiji da maƙwabtansa sai ya nemo kuɗin haraji a Kurmi ko Gwalkwas, ya dawo da faɗuwar damina.

Ke nan ribaɗi ya tara mutane a kan ƙasa domin yana bukatar ƙarfinsu a wurin. Mulkin mallaka kuwa ya buɗe daji, amma ya kai kasuwa nesa, ya bar wa yankin cin rani a matsayin gado.