RAMAC: Yadda Aka Farfaɗo da Kakan Ma'adanar Kwamfuta

A shekarar 1956 kamfanin IBM ya fito da na'urar IBM 350, ma'adanar bayanai ta kwamfutarsa RAMAC 305. Injiniyoyinsa ne suka ƙera ta a San Jose ta jihar Kalifoniya, ƙarƙashin jagorancin Reynold Johnson. Faya-fayan ƙarfe 50 ne jere a sanda ɗaya, kowanne faɗinsa inci 24, suna juyi 1,200 a minti guda. Nauyinta kusan tan ɗaya, amma haruffa miliyan 5 kacal take ɗauka, abin da hoto ɗaya ko biyu na wayar hannu zai cinye yau.

Kada ƙanƙantar cikinta ta sa a raina ta. Kafin zuwanta, mai neman bayani sai ya bi tarin katuna masu huji ɗaya bayan ɗaya, ko ya jira kaset ya warware har inda yake so. Ita kuwa hannu gare ta mai hawa da sauka: ya zaɓi faifai, ya kutsa ciki, ya ɗauko bayanin kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Iska ake hurawa da ƙarfi tsakanin faifan da kan hannun mai karanta bayanin don kada su gogi juna.

An ƙera fiye da 1,000 kafin a daina a 1961. Da yake haya akasari ake ba da su, da sababbi suka fito sai aka mayar da tsofaffin, kaɗan ne suka tsira.

A 2002 Albert Hoagland, wanda da shi aka yi aikin RAMAC tun farko, ya samu ɗaya daga IBM, ya kai ta Jami'ar Santa Clara, shi da ɗalibai suka duƙufa gyara. A 2005 aikin ya koma gidan tarihin kwamfuta na Mountain View, tsofaffin injiniyoyi 'yan sa-kai suka karɓa. A ganina wahalar ba ta ƙarfen ba ce. Sanin yadda yake aiki ne ke neman bin masu shi kabari. Sababbin na'urorin lantarki suka haɗa don sarrafa tsohon hannun, har ya koma motsi kamar dā. Na'urar tana gidan tarihin, maziyarta na ganinta.